Majigi ko Tafiya Accra? Yadda Wasan Kwaikwayo da Fim Za Su Gyara Karatun Yaran Zango

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar wata makarantar firamare ta Islamiyya a Aboabo, Kumasi, ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana, wato GES. Yaranmu na aji huɗu zuwa shida da yawansu suna karanta Turanci da ƙyar, amma da an kunna fim ko an ce a yi wasa, sai ka ga kowa ya natsu. Mun sami ɗan kuɗi, kwamitin makaranta ya rabu biyu: wasu na cewa a sayi majigi, wasu na cewa a kai yara Accra su ga gidan wasan kwaikwayo na ƙasa. Wasu iyaye kuma suna ganin wasa shiririta ce. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara taimako. Shawararmu ita ce kada ki taɓa kuɗin nan tukuna, sai dai abin da za a kashe wa takarda da buga rubutu. Majigi da tafiya duk suna da ranarsu, amma matsalar da kika kawo ta karatu ce, kuma fim ko wasa ba ya gyara karatun yaro sai idan ya tilasta masa ɗora ido a kan rubutu. Duk abin da za a tsara, a auna shi da wannan: layi nawa yaron ya karanta, layi nawa ya rubuta da hannunsa?

Makon farko na gwaji ne. A zaɓi sakin layi mai kalmomi kamar 100 daga littafin aji uku, a kira yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta da ƙarfi na minti ɗaya. Malami ya riƙe kwafi yana ja wa duk kalmar da aka kuskure layi, ya rubuta adadin waɗanda aka karanta daidai, sannan ya yi tambaya biyu kan ma'ana, da Hausa in ta kama. Aji mai yara 40 zai ci kwana biyu ko uku. Za ki ga sun kasu uku: waɗanda ba su gama sanin sautin haruffa ba, masu karantawa suna tuntuɓe, da masu karantawa sumul amma ba su san abin da suka karanta ba. A adana wannan takarda, domin ita za a nuna wa kwamiti da iyaye bayan mako shida.

Kashi na farko wasa ba zai wadatar da su ba. Suna bukatar minti 15 kullum na sautin haruffa da haɗa su. Malami ya lura da abubuwa biyu da suka yawaita ga yaranmu: rikita p da f, domin Hausa ba ta bambanta su yadda Turanci ya yi, da kuma juya b da d. Yaron Zango, wato unguwar Hausawa da sauran Musulmi a biranen Ghana, yana ɗauke da Hausa a gida, Larabci a makarantar allo, Twi a kasuwa da aji, ga Turanci a jarrabawa, kuma Hausa ba ta cikin harsunan Ghana da gwamnati ta amince a koyar a makarantu. Jinkirinsa yawanci nauyin kaya ne, ba ƙarancin basira ba.

Kashi na biyu da na uku su ne wasan karatu zai fi amfana. Wasa ne da ake yi da takarda a hannu, babu sutura ta musamman, babu dandamali, babu labule. Ga yadda ake haɗa shi. A ce yara su kawo tatsuniya daga gida, ta Gizo da Ƙoƙi ko wadda kaka ta ba su. Ɗaya ya faɗe ta da Hausa a gaban aji, daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus". Sai malami da yara su mayar da ita Turanci a kan allo, jimla bayan jimla. Malami ya gyara ta da daddare ta zama shafi biyu, kalmomi 300 zuwa 400, 'yan wasa shida zuwa takwas har da mai ba da labari. Kada jimla ta wuce kalmomi 10 ko 12, kuma sababbin kalmomi kada su haura takwas a wasa ɗaya. A buga da manyan haruffa, lamba 14 ko 16, da tazara tsakanin layuka. Kowane yaro ya sami kwafinsa; idan uku suka haɗu a kan takarda ɗaya, ɗaya ne ke karatu, biyun kallonsa suke yi.

Minti 20 kullum ya isa. Litinin malami ya karanta duka da murya mai rai, yara suna bi da yatsa. Talata a karanta tare, a tsaya kan kalmomi masu wuya. Laraba da Alhamis a rabu rukuni-rukuni. Juma'a da safe, tun kafin a tashi don masallaci, rukuni biyu su karanta wa ƙananan aji. A haka yaro ya maimaita shafi biyu sau goma ko fiye a mako ba tare da ya ji an matsa masa ba, kuma maimaita rubutu ɗaya har ya zauna a baki shi ne ke kawo saurin karatu.

A nan ne ake yawan faɗuwa, kuma abin ya fi shafar makarantu irin taki. Yaran da suka taso da hadda kunnensu ya goge: sau biyu za su ji wasan, sun haddace shi. Ranar Juma'a za su riƙe takarda su zuba Turanci tiryan-tiryan, kowa ya yi tafi, alhali idonsu bai sauka kan kalma ko ɗaya ba. Maganinsa uku ne. A sauya wa kowa matsayi kullum, wanda ya yi Gizo jiya ya zama mai ba da labari yau. A yanka kwafi ɗaya jimla-jimla da almakashi, a gauraya, a ce su jera. Sannan ranar Alhamis malami ya rubuta jimloli biyar sababbi da kalmomin wasan a wani tsari dabam, ya ga wa zai karanta. Wanda ya kasa, hadda ya yi. Haddar baiwa ce babba, ana so ne kawai a haɗa ta da ido.

Wani kuskuren shi ne ba wa gwanaye dogayen layuka, a bar raunana da ɗaukar kujera ko zama bishiya. A rubuta wasan da gangan yadda za a sami amshi da ake maimaitawa, kamar waƙar cikin tatsuniya, a ba mai rauni shi, a ƙara masa jimla ɗaya sabuwa kowane mako.

Wannan hanya tana da asali a ƙasar nan. Marigayiya Efua Sutherland ta gina aikinta na wasan kwaikwayo a kan tatsuniyoyin Ananse, ta kuma yi shekaru tana aikin wasan yara. Ananse na Akan da Gizo namu gizo-gizo ne duka, mai wayo da haɗama, don haka yaran Kumasi suna da taska biyu. Kuma manhajar da aka fara aiki da ita a 2019 ta sa fasahar ƙirƙira a firamare, wasan kwaikwayo na ciki, saboda haka kina da hurumin sa shi a jadawali ba tare da neman wata alfarma ba.

Batun iyaye kuwa, da gaskiyarsu a wani ɓangare, domin sun ga abin da yara ke kallo a waya. A kai rubutaccen wasan ga limamin unguwa da shugaban kwamiti su karanta kafin a fara. A ware rukunin maza da na mata in haka ya fi kwantar da hankali. Kada a taɓa lokacin makarantar yamma ko ta Asabar da Lahadi, domin ranar da wasa ya ci karo da karatun Alƙur'ani, ranar aka rasa goyon bayan iyaye. Yana da kyau a tuna musu cewa tashe na watan azumi wasan kwaikwayo ne da Hausawa suka gada, kuma rubuta Hausa ba baƙon abu ba ne a Ghana: Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da ajami da Larabci. Amma abin da zai fi gamsar da uba shi ne ya ji 'yarsa ta karanta shafi a gabansa.

Sai fim. Majigi mai araha yana bukatar duhu, ajinmu kuwa tagoginsa a buɗe suke saboda zafi. In an rufe su ƙarƙashin rufin kwano, cikin minti 15 yara sun fara gumi da gyangyaɗi. Talabijin mai inci 40 zuwa 43 da ke karɓar filashi ya fi dacewa da aji, ana ganinsa da rana tsaka. A haɗa da lasifika mai caji, domin yaran baya sauti suke rasawa kafin hoto. A sauke fim tun daga gida, kada a dogara da intanet a aji, kuma a tanadi aikin takarda na ranar da za a ɗauke wuta.

Kada a kunna fim na awa biyu. Guntu na minti 5 zuwa 8 ya isa darasi guda, kuma malami ya kalle shi shi kaɗai daga farko har ƙarshe kafin ya kawo. Kallo na farko a kashe sauti, yara su rubuta abin da suke zaton ana faɗa. Na biyu a kunna sauti tare da rubutun ƙasan allo. Na uku a tsayar kafin ƙarshe, kowa ya rubuta jimla uku kan abin da zai faru. Finafinan Kano da ake kallo a gidajen Zango suna da amfani a nan: a ɗauki minti biyu masu tsafta, yara su mayar da hirar Turanci a rubuce. Wannan na cikin aji ne kawai. Tara jama'a a karɓi kuɗin shiga kan fim ɗin wani yana bukatar izinin mai shi, bisa dokar haƙƙin mallaka ta 2005.

A zangon karatu na biyu yara za su iya haɗa nasu fim na minti 3 da wayar malami. Rukuni na mutum shida: marubuta biyu, mai ɗauka, mai riƙe allon da ake rubuta lambar kowace ɗauka, 'yan wasa biyu. Dokar ita ce ba a taɓa waya sai an kawo rubutaccen labari na shafi ɗaya da zane mai akwati shida, kowane akwati da jimla a ƙarƙashinsa. A kwantar da wayar a kwance, a jingina ta da littattafai ko a ɗora a kan madogarar kamara mai ƙafa uku. Rana ta kasance bayan mai ɗauka, in ba haka ba fuskoki za su fito baƙi ƙirin. Nisan waya da mai magana kada ya wuce mita ɗaya da rabi, kuma a ɗauka a lokacin da sauran azuzuwa ke ciki, domin hayaniyar fili da hon ɗin motoci su ne ke kashe yawancin finafinan makaranta. Kowace ɗauka daƙiƙa 10 zuwa 20. In sun yi wasan da Hausa, su rubuta fassarar ƙasan allo da Turanci da kansu. Nan ne mafi yawan karatun yake. Kafin a ɗauki fuskar kowane yaro a karɓi amincewar iyaye a rubuce, kuma kada a ɗora a Facebook ko TikTok ko a tura a WhatsApp sai da wani izinin dabam. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta shafi hotunan yara.

Game da tafiya, Accra na da nisan kilomita kusan 250, wato yini guda a mota zuwa da dawowa, ga abinci, wataƙila da kwana. Gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da aka buɗe a 1992 wuri ne da ya cancanci gani, yana da ƙungiyar wasa ta Abibigromma da bikin yara na Kiddafest, kuma a Accra ɗin aka kafa makarantar koyon fim ta NAFTI a 1978. Amma kuɗin da zai kai yara 30 na kwana ɗaya zai buga wa yara 120 takardun wasa na shekara. Ki fara da abin da ke kusa: Cibiyar Al'adu ta Kumasi da ke wajen Bantama, inda ɗakin karatu na yankin Ashanti yake, tare da gidan tarihi na sarkin Asante Prempeh na Biyu. Ki rubuta wa ɗakin karatun wasiƙa mako uku kafin ranar, ki nemi a yi wa yara rajista su riƙa aron littafi, ki kuma tambayi ko za a ba makaranta aron littattafai da yawa a lokaci guda. Kowace fita tana bukatar izinin ofishin ilimi na gundumarku ta Asokore Mampong, takardar amincewar iyaye, da babba ɗaya ga kowane yara goma. Kowane yaro ya tafi da tambayoyi uku a rubuce, ya dawo da amsarsu.

Idan za a taɓa kuɗin tallafin da gwamnati ke bayarwa bisa yawan ɗalibai, sai an sa aikin cikin tsarin inganta makaranta na shekara, kwamiti ya sa hannu, don haka ki yi magana da jami'in da ke duba makarantarku tun yanzu. A mako na bakwai a maimaita gwajin minti ɗaya da sabon sakin layi mai wahala daidai da na farko, a jera lambobi biyun gefe da gefe. Yaron da bai motsa ba a duba idonsa da kunnensa a asibiti, sannan a mayar da shi rukunin sautin haruffa. Ranar 27 ga Maris, ranar wasan kwaikwayo ta duniya, ta dace da gayyatar iyaye su zo su saurara, a kuma kawo maganar talabijin a zaman kwamiti na bayanta.