Amsa: An sauya wa ƙanena wurin aikin mishan, ya kasa sabawa

'Yar'uwa, kin ce cocin Mormon ta ɗauke ƙanenki daga Accra, babban birnin Ghana, zuwa ƙauye, ga abokin aikin da jininsu bai haɗu ba.

Ki kwantar masa da hankali: duk mako 6 ake duba sauyin wuri. A ganina abokin ne babbar matsalar, tunda dokar cocin ta hana abokan aikin mishan rabuwa, ko kasuwa tare suke zuwa. Ki ce wa ƙanenki ya fara da wanke kwanonin abokin ba tare da an roƙe shi ba, ya kuma koyi gaisuwar mutanen garin. Tun 2019 aka ba su damar kiran gida kowane mako, don haka ki riƙa sauraronsa, ban da faɗa. In barci ko abinci ya gagare shi, ya sanar da shugaban mishan.