Kwamfutar ajiya da ke sake lalacewa bayan kowane gyara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni nake kula da kwamfutar ajiya ta wani shagon buga takardu a Samaru, Zariya, inda ɗalibai ke barin ayyukan kammala karatunsu. Manhajar Linux ce ke tafiyar da ita, faifan ajiyarta kuma yana kan tsarin jera fayiloli na ext4. Duk sanda ta ƙi tashi sai in yi mata fsck, wato umarnin duba tsarin fayiloli da gyara shi, ta nuna ta gyaru, bayan 'yan kwanaki matsalar ta dawo. Yanzu har faifan yakan kulle kansa, a karanta amma ba a iya rubutawa. In sake yin fsck ne, ko in goge komai in ɗora sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka dakata da fsck ɗin nan tukuna. Aikinsa shi ne daidaita lissafin inda kowane fayil yake zaune a faifai, bai san abin da ke ɓata lissafin ba. Kana kwashe ruwa ne a ɗaki alhali rufin kwano yana yoyo. Leƙa foldar lost+found ka gani: fayilolin da suka rasa sunansu, aka bar su da lambobi, daga gyare-gyaren nan suka fito. Kullewar da faifan ke yi kuwa kariya ce, Linux ce ta ga kuskure ta hana rubutu don kada ɓarnar ta ƙaru.

Kafin komai, samo wani faifai mai girman wannan ko wanda ya fi shi, ka kwafe tsohon gaba ɗaya da ddrescue, manhajar ceto bayanai daga faifai mai matsala. Yana tsallake wuraren da suka lalace, sai daga baya ya dawo kansu. A kan kwafin za ka yi gyara, kuma ba a yin fsck a faifan da ake cikin aiki da shi.

Sannan ka buga smartctl -a /dev/sda, idan shi ne sunan faifan, zai nuna maka rahoton lafiyar faifan, ka duba layuka masu lamba 5, 197 da 198, masu ƙirga wuraren da suka lalace. In ƙirgarsu ta wuce sifili kuma tana hawa, faifan ya kama hanyar mutuwa, canza shi. Idan kuwa 199 ce kaɗai ke ƙaruwa, yawanci kebul ɗin SATA, wanda ya haɗa faifan da kwamfutar, shi ne ya lalace ko ya saki. Mutane da yawa sukan tafi Sabon Gari su sayo sabon faifai da tsada, alhali kebul ne ke neman canji.

Idan faifan lafiyarsa lau, koma kan RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe bayani a ciki tana cikin aiki. Bar memtest86+ ya kwana yana gwada ta. RAM mai matsala takan gurɓata bayani tun kafin ya isa faifai, shi kuma ya rubuta gurɓataccen yadda aka ba shi.

Amma a garin nan, wuta nake fara zargi. Ana ɗaukewa ana tsakiyar rubutu, a tayar da janareto, kwamfuta ta mutu ta tashi. Kana iya cewa ai akwai UPS, na'urar batiri mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. To yaushe rabonka da gwada batirinsa? Kashe kwamfutar ajiyar, jona wa UPS ɗin wani abu mai jan wuta kamarta, ka zare shi daga bango ka ga ko zai riƙe. Buɗe akwatin kwamfutar ma ka hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka.

Gogewa da ɗora sabo ka bar shi sai ka gano mai laifin cikin waɗannan. In ka buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, ka ga layuka masu ɗauke da I/O error, wato kuskuren karatu ko rubutu, turo min su tare da sakamakon smartctl ɗin.