Ku Tambaya Mu Amsa: Zuwa Kallon Kifin Wel a Jirgin Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Boston ta Amurka, abokaina sun dame ni wai mu yanki tikitin jirgin ruwa mu je kallon kifin wel. Ni kuma tsoro nake kada ya kife mana jirgi, sannan anya ma ana ganinsa ko asarar kuɗi ce kawai? Daga mai karanta ku kullum.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Ka je, don Allah ka je, Allah ya ajiye ka kusa da ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina kyau wajen wannan kallo. Wurin sunansa Stellwagen Bank, tudu ne a ƙarƙashin teku da ƙananan kifaye ke taruwa, gwamnatin Amurka ta killace shi tun 1992, jirage kuma na zuwa daga Boston da Gloucester da Provincetown, tafiya da dawowa kamar awa 3 zuwa 4. Daga Mayu zuwa Oktoba ake samun su sosai, da sanyi irin wel ɗin da ake kira mai doro can tekun Karibiyan suke komawa haihuwa.

Kifi muke ce masa amma fa ba kifi ba ne, iska yake shaƙa kuma uwar shayar da ɗanta take yi. Shi ya sa ma ake ganinsa, dole ya taso ya yi numfashi.

Iri biyu za ka fi cin karo da su. Mai doro shi ne ɗan kwalisa, tsawonsa wajen mita 15, hannayensa dogaye farare, in zai nutse sai ya lanƙwasa baya ya ɗaga wutsiya sama, kuma zanen da ke ƙarƙashin wutsiyar kowanne daban yake kamar zanen yatsa, da shi masana ke gane su ɗaya bayan ɗaya har su raɗa musu suna. In ka ga ruwa na kumfa a zagaye tsuntsaye sun yi cincirindo a kai, kafa ido nan, shi ne a ƙasa yake hura iska yana tattara kifaye kafin ya taso baki buɗe.

Na biyun ana kiransa fin, kuma ni shi ya fi taɓa min zuciya. Bayan shuɗin wel babu wel ɗin da ya kai shi tsawo a duniya, yana wuce mita 20, ga gudu, ba kasafai yake ɗaga wutsiya ba, feshin numfashi kawai za ka gani ya tashi sama sai dogon baya yana ta wucewa kamar ba zai ƙare ba. Haɓarsa ta dama fara ce, ta hagu baƙa, ikon Allah. Irin wannan halitta mafarauta suka kusa ƙarar da ita kafin hana farautar kasuwanci ta fara aiki a 1986.

Batun kifewa kwantar da hankalinka, jiragen manya ne kuma akwai ƙa'idar tazarar da matuƙa ke bari. Abin da zai wahalar da kai jiri ne da amai, sha maganinsa tun kafin ka hau, ka ɗauki rigar sanyi ko da rani ne. Tsallen nan da ake gani a bidiyo kuma kar ka sa rai lallai, wata rana a dace wata rana baya da wutsiya kawai. Kafin ka biya ka tambaye su ko suna ba da tikitin dawowa kyauta in ba a ga komai ba, da yawansu suna yi.