Tambaya da Amsa: Me ya sa saman hoton kyamarata ke fitowa da tarkace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta direban kyamara a Linux, da sensar IMX219 ta Sony wadda ke turo hoto ta MIPI CSI-2, wato hanyar da ke haɗa kyamara da kwamfuta. Hoto na fitowa, amma layukan sama tarkace ne, hoton ya karkace kamar an ja shi gefe, kuma da na juya shi sai launi ya rikice. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tushen matsalarka shi ne sensar ba hoto kaɗai take turowa ba. A kan wayoyin CSI-2 ɗin nan, bayanai na tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, kuma kowane dogon ƙunshi yana farawa da ɗan bayani mai ɗauke da lambar tasha da lambar nau'in bayani. Hoton RAW10, wato ɗanyen hoto mai bit 10 ga kowane fiksel (ɗigon hoto), lambarsa 0x2B, RAW8 mai bit 8 kuma 0x2A. Amma IMX219 tana fara kowane firam, wato hoto guda cikin jerin bidiyo, da layuka 2 masu lamba 0x12, waɗanda ba hoto ba ne, bayanan saitin sensar ne na wannan firam ɗin, kamar tsawon buɗe ido da ƙarin haske. Idan mai karɓa, wato ɓangaren kwamfuta da ke karɓar bayanan sensa, bai tace ta lambar nau'i ba, sai ya zuba su cikin ma'ajiyar hoto, su ne tarkacen da kake gani.

Kada ka yanke layukan nan ka yar. Manhajar daidaita haske tana buƙatarsu, domin ta san ainihin saitin da ya yi aiki a kan kowane firam, tunda abin da aka rubuta wa sensa ta I2C, wato hanyar aika mata saiti, yakan ɗauki firam ɗaya ko biyu kafin ya fara aiki. Abin da ya dace shi ne ka raba hanya biyu: 0x2B ya tafi kafar bidiyo ta hoto, 0x12 ya tafi wata kafa dabam mai nau'in V4L2_BUF_TYPE_META_CAPTURE, kamar yadda direban Unicam na Raspberry Pi yake yi. A direban sensa ka cika aikin da ake kira get_frame_desc, inda za ka faɗa wa mai karɓa tasha da nau'in kowane kaso, don kada ya yi ta zato.

Karkacewar kuwa daga lissafin faɗin layi take. RAW10 a matse yake: fiksel 4 cikin bayit 5. Bayit huɗun farko na ɗauke da manyan bit 8 na kowane fiksel, na biyar ya tara ƙananan bit 2 na dukkansu. Layi mai fiksel 3280 ke nan bayit 4100 ne, amma na'urar da ke kwasar bayanai zuwa ƙwaƙwalwa takan so faɗin ya rabu daidai da 32, sai ya koma 4128. Idan manhajarka ta lissafa da 4100, kowane layi zai zame da bayit 28, hoton ya kwanta. Ka karanta bytesperline, wato yawan bayit na kowane layi, da umarnin VIDIOC_G_FMT ya dawo maka da shi, kada ka lissafa da kanka. Ka kuma tabbata ka zaɓi tsarin hoto na SRGGB10P idan a matse ne. SRGGB10 marar P yana ba kowane fiksel bayit 2.

Launi kuma, juya hoto yana canza jerin Bayer, wato yadda fiksel ja (R), kore (G) da shuɗi (B) suke jere a kan sensa. Asalinsa RGGB, juyin hagu da dama ya mai da shi GRBG, na sama da ƙasa GBRG, duka biyun BGGR. Dole direba ya sauya lambar tsarin da yake bayarwa duk lokacin da aka taɓa HFLIP (juyin hagu da dama) ko VFLIP (juyin sama da ƙasa), kuma ya hana taɓa su yayin da hoto ke gudana.

Kafin ka kunna, buga media-ctl -p ka duba cewa tsari da girman hoto sun yi daidai a bakin sensa da bakin mai karɓa. In sun saɓa, STREAMON, wato umarnin fara turo hoto, zai dawo maka da kuskuren EPIPE.