Kada ka sayi motar tukuna: amsa ga kafintan da ke son ƙera motocin yada zango

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, na daɗe ina haɗa gadaje da kabad-kabad. Na tara ɗan jari, kuma ina sha'awar sana'ar gyara cikin motocin ɗaukar kaya a mayar da su wurin kwana ga matafiya, da gado da wurin girki da wutar sola. Shirina shi ne in sayi tsohuwar mota guda, in ƙera cikinta, in sayar ko in riƙa ba da ita haya. Kuɗin zai ishe ni sayen motar da kayan aiki, amma ba abin da zai rage. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sana'ar tana da kyau, hannunka kuma ya dace da ita. Amma yadda ka tsara shigarta ban yarda da shi ba, kuma dalilina yana cikin jimlarka ta ƙarshe, inda ka ce ba abin da zai rage.

Idan ka zuba jarinka gaba ɗaya a mota guda, ka zama dillalin mota alhali abin da ka iya kafinta ne. Mai saye zai fara buɗe inji, ya duba nisan tafiyar da motar ta yi, ya leƙa ƙarƙashinta ya nemi tsatsa, sannan ya waiwayi gadon da ka yi makonni kana gogewa. In injin bai kwanta masa ba, kyawun katakonka ba zai ɗaga farashin yadda kake zato ba. Ga kuma bambancin ra'ayi: ka kafa gadon da ba ya motsi, shi yana son wanda ake naɗewa don ya sa keke, ka yi wurin mutum biyu, shi yana da yara uku. Motar za ta zauna tana jiran wanda ra'ayinsa ya zo daidai da naka, kana biyan inshora, darajarta na sauka, kai kuma ba ka da kuɗin karɓar wani aikin. In giyar motar ta lalace a tsakiyar wannan jira, da me za ka gyara?

Abin da nake so ka yi shi ne ka fara da motocin mutane. Mai mota ya kawo motarsa, ya biya kuɗin kaya, kai ka sayar masa da gwaninta da lokacinka. Jarinka ya tsaya a kayan aiki da ajiyar ko-ta-kwana. Akwai ma matakin da ya fi wannan sauƙi, kuma an daɗe ana yin sa a wannan sana'a. A 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fito da wani akwatin kayan ɗaki da ake zurawa cikin motar Volkswagen a yi tafiya, in an dawo a cire shi motar ta koma ɗaukar kaya. Irin wannan akwati, mai gado mai naɗewa da aljihunan ajiya da wurin ɗora murhu, kai kaɗai za ka iya haɗa shi a shagonka ba tare da ka huda jikin motar kowa ba. Mai motar da yake neman abinci da ita a ranakun aiki shi ne zai fi saurin saye, domin ba sai ya sadaukar da motarsa ba.

Ka zaɓi ƙirar mota ɗaya, in ta yi yawa biyu, ka tsaya a kai. Bangon waɗannan motoci ba miƙaƙƙe ba ne, yana lanƙwasa daga ƙasa zuwa sama, ga tudun tayoyi, ga ƙarafan da ke riƙe jiki. Aikin farko awo ne zai cinye maka lokaci, ka yanka kwali ka gwada, ka sake yankawa. In ka adana waɗannan samfuran, aiki na biyu a kan irin motar zai zo maka da sauƙi ƙwarai, kuma a nan ribar take. Ma'aunin Toyota HiAce daban, na Ford Transit daban, na Mercedes Sprinter daban. Fiat Ducato, alal misali, faɗin cikinta ya haura mita 1.8, shi ya sa ake iya shimfiɗa gado a gicciye a samu sarari, kuma yana cikin dalilan da suka sa masu ƙera irin waɗannan motoci a Turai suka fi amfani da ita. Ka duba wacce ta fi yawa a hannun mutanen da za su zo wurinka, wacce kuma kayan gyaranta ba sa wuyar samu.

Yanzu bari in daɗe a kan abin da ya fi kayar da kafintoci, wato nauyi. A ɗaki, kabad mai nauyi alamar inganci ce. A mota, kowane kilo ana cire shi ne daga abin da aka yarda ta ɗauka. Kowace mota tana da ɗan allo a jikinta da ke nuna iyakar nauyinta da kaya da mutane, kuma yawancin irin waɗannan ba sa wuce kilo 3,500; a Turai galibi wannan ne ma iyakar abin da lasisin ƙaramar mota ya halatta a tuƙa. Falle ɗaya na filawud mai ƙarfi, mai kaurin milimita 18, yana haura kilo 30. Ka jera goma ka ga inda ka kai, tun ba a zuba ruwa ba, ga shi kowace lita kilo guda ce, tankin lita 80 ya kai nauyin babban mutum. Motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima birkinta na jinkiri, tayoyinta na zafi, tana shan mai, kuma in aka yi haɗari kamfanin inshora na iya fakewa da hakan ya ƙi biya. Saboda haka ka kai motar sikeli kafin ka taɓa ta, ka sake kai ta bayan ka gama, ka ba mai ita takardar awon. Ka koyi aiki da milimita 12 da 9, ka bar mai kauri ga inda za a zauna ko a kwanta. Abu mai nauyi, batir da tankin ruwa, ya zauna ƙasa, kusa da tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Kafewa ma haka. A karon da aka yi da gudun kilomita 50 a sa'a, abin da ba a ɗaure ba yana iya tunkuɗowa gaba da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 20. Ka auna firji mai kilo 20 a bayan kan direba. Ƙusar katako da aka murɗa a siririn ƙarfen bango ba za ta riƙe shi ba. Noti ake sawa ya ratsa ƙarfe mai ƙwari, da faranti a bayansa. Kujerar da mutum zai zauna a kai mota na tafiya kuwa, kada ka ƙera ta da kanka ko da an roƙe ka. Wannan aikin masu kujeru da bel ɗin da aka gwada aka ba su shaida ne.

Wuta da gas su ne wuraren da nake so ka kira wanda ya iya, ka sa ladansa cikin farashi ba tare da jin nauyi ba. Mutane na raina wutar bolt 12 don ba ta jan mutum, amma gobara take haddasawa. Inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, in mai wat 1,000 ce tana jan kusan amfiya 90 daga batir, siririyar waya kuwa narkewa za ta yi a bayan bangon da ka rufe da katako. Dole a sa fiyus dab da batir, a kuma sa roba duk inda waya ta ratsa ƙarfe, domin girgizar hanya tana cin bawon waya a hankali. Duk da haka ka san lissafin da kanka don ka iya ba abokin ciniki shawara. Batirin litiyam mai amfiya-awa 100 yana ajiye kusan wat-awa 1,280, nauyinsa wajen kilo 13 ne, kuma ana iya shan mafi yawan abin da ke cikinsa. Na dalma mai wannan girma ya ninka shi nauyi, kuma rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe. Na farkon ya fi tsada a ranar saye, ya fi araha a tsawon shekaru. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka tukunyarsa na buƙatar akwati rufaffe mai huda a ƙasa da ke fita waje. Kada mota ta bar hannunka ba na'urar da ke ƙara in ta ji iskar guba marar wari da ƙonuwar gas ke iya fitarwa (carbon monoxide), da abin kashe gobara, da fanka a rufi. Fankar ba don zafi kaɗai ba ce: numfashin masu barci da tururin girki suna zama raɓa a jikin ƙarfe, raɓar ta kwanta bayan katako, tsatsa da ruɓa su biyo baya, a dawo maka da mota bayan shekara ana cewa aikinka ne.

Sai farashi. Kuskuren da masu aikin hannu suka fi yi shi ne su tara kuɗin kaya, su ɗora ɗan wani abu, su kira shi riba. Ka riƙa rubuta sa'o'in da kowane sashe ya ci, har da na zuwa sayen kaya da na zama da mai mota ana zane. A ce ka yi farashi a kan sa'a 200 aikin ya ci 300, ka yi sa'a 100 kyauta ke nan. Farashinka ya ƙunshi kaya, da ladan sa'o'inka, da kason hayar shago da lalacewar kayan aiki, da ladan mai wuta, da wani kaso da za ka ware don gyaran da za a dawo da shi cikin lokacin garanti. Riba tana zuwa ne bayan duk waɗannan.

Biya kuma kashi uku. Kafin alƙalami ya rufe kuɗin kaya gaba ɗaya, kada ka sayi batir ko firji da kuɗinka. Kashi na biyu idan an gama wayoyi da abin tare zafi, kafin a rufe bango, mai motar ya zo ya gani da idonsa, kai kuma ka ɗauki hotuna ka ajiye. Na uku ranar karɓar mota. Duk canjin da ya nema a tsakiya, a rubuta shi da kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara, ya sa hannu kafin ka ɗaga zarto. A takardar ku rubuta cewa shi zai sanar da kamfanin inshorarsa da hukumar rajistar motoci canjin da aka yi, tunda dokar kowace ƙasa da abin da ta tanada. Kai ma ka nemi inshorar da za ta rufe motar wani muddin tana shagonka. Kafin ka miƙa makulli, ka tuƙa ta a hanya mai gargada ka saurari abin da ke ƙara, ka bar firji da fitilu a kunne dare guda ka ga abin da batir ya rage. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar haya ka ajiye ta sai ka gama ayyuka uku ko huɗu na mutane, ka san ainihin abin da ƙira ɗaya ke ci. Haya sana'a ce ta daban, mai lokacin cika da lokacin da ba kowa, ga wanki da gyara bayan kowane mai haya, ga inshorar haya da ta fi ta gida tsada. In lokacin ya yi, ka tara duk abin da motar za ta ci a shekara, har da faɗuwar darajarta, ka raba da abin da zai rage maka a kowane dare bayan an cire wanki da gyara. Adadin da ya fito shi ne dararen da dole a hayi motar kafin ka ga ko sisi na riba. In ya zarce abin da kake da tabbacin samu a watannin da mutane ke tafiye-tafiye, ka bar kuɗin a shago ka ƙara injin yanka mai kyau da yaro ɗaya da za ka koya wa aikin.