Jakin da ya fi kowa kuzari a kasuwa

Kai yaro, saƙonka ya iso. Wai ka tara ƴan kuɗi kana son jaki naka na kanka, ka ga wani auraki kunnuwa a tsaye, yana neman tsinke igiya, shi ne kake tambaya ko ka biya. Kada ka biya.

Duba haƙori da kofato da bayan jaki ko da gyambo, ba zan ɓata yawuna a kai ba. In duk zamanka a bayan amalankena ba ka iya wannan ba, ka koma tallar goro. Kuzarin nan da ya ruɗe ka, a kansa za mu yi magana.

A 2016 ne gwamnati ta hana fitar da jakai daga Nijar, don masu neman fata sun yi ta kwasarsu ana kai wa Sin. Kafin hanin, jaki ya yi tsadar da talaka sai dai ya kalla ya wuce. Cikin wannan tsadar tsohon jakina ya mutu, kuma da bazara, sa'ad da famfunan Damagaram ke tari maimakon ruwa, mata na kwana a layi da biduna. Ka san garin nan a kan dutse yake zaune, a watannin nan mai jan tano, wato gangar ruwa a kan amalanke, ke samun abincin shekara. Na sayar da tumakin uwar gida biyu, na nufi wata kasuwa ta wajen Mirya.

Wani dillali mai farin rawani da carbi ya jawo mini duna, ƙato, yana kuka yana haƙa ƙasa da kofato. Mutum biyu ke riƙe da shi. Ya rantse mini jakin nan ko dutsen Birni aka ɗaura masa zai ja. Na biya, na ba shi la'ada har da ƙari. Ranar kuwa kafin in gama addu'ar hawa mun shigo gari.

Da gari ya waye na tarar da shi kwance a turke kamar buhun dusa. Ashe tiramol aka jiƙa masa a ruwa. Da ƙwayar ta sake shi sai halinsa na gaskiya ya fito, kuma halin ya fi kasalar muni. Jakin wani tsoho ne mai sayar da itace gida-gida, saboda haka duk zauren da muka zo sai ya ja ya tsaya, yana jiran a fito a yi ciniki. Daga famfo zuwa Garin Malam ba ƙofar da bai gaisar ba. Duka ba ya tada shi, lallashi ba ya tada shi, sai in na ɗaga murya na ce "ga itace", a jira kaɗan, sannan ya taka. Ni da tano cike da ruwa ina tallar itace! Yaran unguwa suka mayar da shi sunana.

Abin da ya ƙarasa ni toka ce. An ce jaki ba ya wuce ta, amma mai hankali yakan bari a kwance masa kaya. Wannan a Zango, gaban majalisar dattawa, ya hango juji, ya karkata da amalanke ya durƙusa zai yi birgima. Tano ya ɓare, sandar amalanke ta karye, ruwan gida uku ya bi rariya. Wanda ya fi kowa dariya shi ne ɗaya daga cikin masu ruwan, kuma bai yafe ko dala ba.

Na koma wa dillalin. Bai ko ɗaga kai daga carbinsa ba ya ce jaki ya sayar mini, bai sayar mini da hali ba. Har yau in na ga farin rawani a kasuwar dabbobi sai na dafe aljihuna.

Ku yaran yanzu kuna zaɓen jaki yadda kuke zaɓen babur, wanda ya fi ƙara. Ka ce wa mai aurakin ya bar shi ya kwana a turkena, ba abin da zai sha sai ruwan da na ba shi da hannuna. Da safe mu ɗora masa tano cike, mu bi da shi ta lungun Birni da gefen juji. In ya ƙi yarda, ka riƙe kuɗinka. Kuma in za ka zo ka taho mini da akumarin da ka ara tun kaka.