Ga ƙanina mai shirin zuwa karatu Finland

Ƙanina, ka tambaye ni ko ɗalibi zai iya riƙe kansa da ɗan aiki a nan, ka kuma ce wani dillali ya yi maka tayin biyowa ta Rasha.

Lokacin da na zo Lappeenranta, garin da ke dab da iyakar Rasha, aikina na farko jera kaya ne a wani kanti. Rashawa kan cika motocin bas daga St. Petersburg su zo sayen cuku da kofi da sabulun wanki, har takardun farashi ana rubuta su da Rashanci. Finland ƙasa ce mai mutane kusan miliyan biyar da rabi, iyakarta da Rasha ta kai kilomita 1,340, kuma ta daɗe tana ciniki da maƙwabciyar tata ba tare da ta saki jiki ba, domin ba ta manta da yaƙin hunturu na 1939, lokacin da Tarayyar Soviet ta auka mata, ba, ba ta kuma soke aikin soja na dole ga samarinta ba.

Da Rasha ta auka wa Yukren a Fabrairun 2022, sai Finland ta fifita tsaro a kan riba. A watan Maris jirgin ƙasan Allegro ya daina zuwa St. Petersburg, a Mayu aka soke kwangilar Rosatom, kamfanin nukiliya na gwamnatin Rasha, ta gina tashar nukiliya a Pyhäjoki da ke Finland, Rasha kuma ta yanke iskar gas, sannan a Afrilun 2023 Finland ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, amma mu baƙi muka fara ji a jikinmu. Da ciniki ya mutu, mai kantin da na yi wa aiki shekara uku ya sallame ni da saƙon waya na layi biyu, kuma har yau abin yana ci mini rai. Sai da na duƙufa na koyi harshen Finland, wanda wuyarsa ta sha sa ni kuka, kafin na samu aikin da nake alfahari da shi yanzu.

Maganar dillalin nan kuwa, ka fita harkarsa. Tun Disamban 2023 aka rufe duk mashigun matafiya na kan iyakar gabas, bayan hukumomi sun zargi Rasha da turo baƙin haure da gangan, wasunsu a kan kekuna cikin dusar ƙanƙara. Idan za ka zo, ka zo da takardar shaidar samun gurbi da izinin zama na ɗalibi, da kuɗin makaranta da na abincin shekara guda a hannunka.